Shuɗiyar Ƙofar da Na Yi wa Malama Alkawari

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun asuba, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma ba ya barin takalminsa lafiya. Ina zaune a shagon hoto ina goge wa wani ango ƙurajen goshi a kwamfuta, sai saƙo ya shigo wayata. Yayan matata ne, wanda duk dangi ke kira Mai Tikiti, domin sana'arsa ke nan: nema wa mutane biza da kujerar jirgi.

"Jirgi, ina jiran sunan garin. Juma'a da azahar ce ƙarshe. In ta wuce, hutun Malama zai ƙare biza ba ta fito ba."

Na karanta sau uku. Angon da ke kan allo yana ta min murmushi da rabin goshi mai kyau.

Bari in gabatar da kaina ga waɗanda yau suka fara karanta ni. Ni ne Jirgi. Ba don na taɓa shiga jirgi ba, ko tsaninsa ban taɓa takawa ba. Mahaifiyata ce ta laƙaba min sunan saboda ba na iya zama wuri ɗaya. A aji biyu na sakandare na bar makaranta. Na yi gyaran waya wata takwas, na yi kafinta har na ɗebe kan yatsa, na yi karen mota kwana goma sha ɗaya. Shagon hoto ne kaɗai ya riƙe ni shekara huɗu, shi ma don a nan ina yawo ne ba tare da na tashi daga kujera ba. Mutum zai zo da rigar aro ya ce in sa shi gaban dutsen ƙanƙara, in sa shi. Wata ta ce bakin teku take so, kafin shayinta ya huce na kai ta.

A shagon nan na fara ganin Malama, wato matata. Ƙaramin hoto ta zo ɗauka na takardun neman aikin koyarwa. Tarihi da labarin ƙasa take koyarwa, kuma in ta fara zancen tsofaffin birane, da waɗanda suka gina su, da yadda aka ci su da yaƙi, sai ka ji kamar a can aka yanke mata cibiya. Ni kuwa me zan faɗa? Da na fara zuwa wurinta hira ita ce mai magana, ni kuma mai gyaɗa kai. Rannan gyaɗa kan ya ishe ni, sai na ji bakina ya ce ai ni ma na taɓa fita waje, na raka wani ɗan kasuwa a matsayin mai riƙe masa jaka. Ta ce in nuna mata hoto.

Ku da kuka san sana'ata kun riga kun san abin da ya biyo baya.

Na samo wata tsohuwar gada ta dutse mai baka uku daga hotunan wata ƙasa. Na ciro wata doguwar hasumiya mai agogo daga kalandar da wani kamfanin fenti ya raba mana, ita kuma wata ƙasar daban ce. Na rasa abin da zan jingina da shi, sai na zagaya bayan shagonmu. Akwai ɗakin da Maigida, mai shagon, ke ajiye janareta da karyayyun kujeru. Ƙofarsa tsohuwa ce ta katako, Maigida ya tsinto ta daga wani gida da aka rushe, ya shafa mata ragowar shuɗin fenti. Tana da manyan ƙusoshi bakwai a jere da wata tsaga a gefen hagu. Na kafa kyamara, na sa rigar sanyi duk da zafin da ake yi, na jingina da ita. Na haɗa ukun wuri ɗaya, na ƙara wa shuɗin haske, na ɗora tukunyar furanni daidai inda bokitin mai yake.

Wallahi hoton ya yi kyau. Har yau ban yi aikin da ya kai shi ba.

Da ta tambayi sunan garin na ce sirri ne, sai ranar da zan kai ta. Da muka yi aure na wanke shi babba, na sa shi a firam mai ruwan zinariya, aka rataye shi a falo sama da talabijin. Na kuma yi alkawari a gaban mahaifiyarta, wadda ni ma Umma nake ce mata, cewa ranar da aurenmu ya cika shekara uku a bakin ƙofar nan za mu tsaya ni da ita. A lokacin gani nake shekara uku ba za ta taɓa zuwa ba.

Kuma ban tsaya a hoton ba. Duk sanda hira ta yi daɗi sai in ƙara wa garin wani abu. Na ba shi wata tsohuwa mai sayar da furanni a gefen ƙofar. Na ba shi ƙararrawa da ke kaɗawa da la'asar. Na ba shi ƙanshin ruwan sama a kan dutse. Malama takan kwantar da kai a hannun kujera tana saurare, ba ta cika tambaya ba, sai dai ta ce in sake ba ta labarin ƙofar.

To ga shi shekara uku ta zo da ƙafarta. Fasfo ɗinmu ya fito, an ba Malama hutu, ta ɗinka dogayen riguna biyu, ɗaya ruwan toka ɗaya shuɗiya, ta ce shuɗiyar ta ranar ƙofa ce. Abu ɗaya ya rage: sunan garin da babu shi a taswira.

Na kai wa Maigida kukana. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya fara ɗaukar hoto tun ana lulluɓe kai da baƙin ƙyalle. Ya saurare ni yana goge gilashin kyamara da gefen rigarsa. Da na kai ƙarshe ya tambaye ni ko ƙofar ɗakin janaretansa nake nufi. Na ce ita. Ya ce shi shekara goma sha biyu yana buɗe ƙofar nan kullum, bai san yana fita ƙasar waje ba. Shawararsa gajeriya ce: in je gida in faɗa mata gaskiya kafin abincin rana.

Na yi masa godiya, na koma kan kwamfuta na ci gaba da neman wata ƙaryar.

Talata da Laraba ban taɓuka aikin kirki ba. Angon nan har yanzu rabin goshinsa yana jirana. Na shiga neman garuruwan da masoya ke zuwa ganin kayan tarihi, na yi karatun da ban yi ba a aji biyu. Na gano ainihin garin gadar: akwai kwalekwale, akwai gidajen tarihi, akwai titunan da mota ba ta shiga. Na gano garin hasumiyar: tsohuwar kasuwa mai rufi, da masu kiɗa a dandali. Sannan Allah ya haɗa ni da wani gari na uku da kusan duk ƙofofinsa shuɗaye ne. Na miƙe tsaye don murna. Dabarata ita ce mu je can, mu yi ta zagayawa, in ƙafarta ta gaji in ce ai ga alama an canja ƙofar.

Saura abu ɗaya. Malama za ta zo shago ranar Juma'a da safe ɗaukar hoton biza. A shekara ukun nan ba ta taɓa leƙa bayan shagon ba, kullum ina da dalili: baya akwai datti, akwai wayoyin wuta, akwai ɓera. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Ranar Laraba da yamma na samo ragowar fenti ruwan ƙasa a ɗakin janaretan, na shafe ƙofar tas. Na ja baya na dube ta, na ji tausayinta, na kuma yaba wa kaina.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru a falon Umma. Falo ne mai kujeru manya da aka lulluɓe da farin ƙyalle, da kabad cike da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Umma na kan darduma da carbi. Mai Tikiti ya zo da kwamfutarsa ya ɗora a cinya. Malama ta zauna kusa da taga cikin rigar ruwan tokar, ta ce gwada ta take yi.

Na sa farar rigata mai dogon hannu, na tsaya kamar mai neman aiki. Na ce na yi tunani, bai kamata in yanke hukunci ni kaɗai ba, don haka na kawo garuruwa uku a zaɓa. Na yi bayanin na gada, har da shekarar da aka gina ta. Na yi na hasumiya. Na ajiye mai shuɗayen ƙofofi a ƙarshe, na zuba masa gishiri sosai. Mai Tikiti ya ce kowanne aka zaɓa shi a shirye yake, amma yana mamakin yadda mutum zai je gari ɗaya ya dawo da suna uku. Umma ta ce a bar yaron nan ya yi magana, ai shi ya san duniya.

Malama ba ta katse ni ba har na gama. Ta gyara shekarar gadar, ashe na rage mata ɗari biyu. Sannan ta ce:

"Duk suna da kyau. Amma ni ba gari na zaɓa ba, Jirgi. Ƙofa na zaɓa."

Na ce ai na ukun duk ƙofofi ne.

"Na san shi. Ƙofofinsa na ƙarfe ne da baka a sama. Tawa ta katako ce, ƙusa bakwai, da tsaga a hagu."

Tawa. Kun ji fa. Ƙofar ɗakin janareta ta yi mai ita.

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Umma na nan, yayanta na nan, da an yi faɗan an gama a zama ɗaya. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa sunan yana da wuyar faɗa, a rubuce yake a wani tsohon littafina a shago, gobe zan turo. Mai Tikiti ya rufe kwamfuta ya ce azahar dai. Umma ta sa mana albarka, ta ce in tsohuwar nan mai furanni tana raye a gaishe ta.

A hanyar gida aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ni kuwa har daɗi na ji, don ƙarar ruwan ta hana mu magana.

Juma'a da safe Malama ta iso shago ƙarfe tara. Shuɗiyar rigar ta saka, da farin mayafi, ta ce tana so bizar ma ta san inda za a je. Na zaunar da ita gaban farin labule, na gyara fitila, na ce ta ɗan ɗaga haɓa. Ina ɗora yatsa kan kyamara aka ɗauke wuta.

Maigida yana can gaba yana fama da wata mata da ke rantsuwa hancin da ke hoton ba nata ba ne. Ya ce in je in ta da janareta. Na fita da sauri. Ban san Malama ta biyo ni ba. Taɓo ya ɓata mata takalmi a hanya, kuma Maigida, Allah ya saka masa, ya gaya mata akwai famfo a baya.

Abin da ban sani ba game da fenti, duk da na yi kafinta, shi ne akwai na bango na cikin ɗaki, wanda ruwa ke wankewa in bai kama ba. Shi na shafa a kan fenti mai maiƙo. Ruwan jiya ya sauke shi ƙasa gaba ɗaya, ya taru a dokin ƙofa kamar kunun da aka zubar. Ƙofar tana tsaye shuɗiya shar, wankakkiya, ta fi yadda take a da kyau. Rana ta ɗan leƙo tana haska ƙusoshin.

Na ji takun takalmi ya tsaya a bayana.

Ban juya ba. Na tsaya riƙe da igiyar janareta kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Ta wuce ni a hankali. Ta sa yatsa ta ƙirga ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ta bi tsagar da tafin hannunta har ƙasa. Ta dubi bokitin man da ke gefe, ta daɗe tana dubansa.

"Nan furannin suke," in ji ta.

Na ce eh.

Ta ce in zo in jingina yadda na yi a hoton. Na jingina. Ta ja baya taku huɗu, ta karkata kai. Ba fuskata take kallo ba, ƙasa take kallo, inda inuwata ta faɗi a jikin katakon.

Sai ta gaya min abin da ya fi komai ƙona ni. Tun watanmu na biyu da aure ta san gadar da hasumiyar ba gari ɗaya suke ba. Ta gane gadar a wani littafin makaranta, hasumiyar kuma kalandar tana rataye a ofishin shugabar makarantarsu. Ban da haka, inuwar gadar dama ta faɗi, ta hasumiyar hagu, kamar garin yana da rana biyu. Ta ce ta yi dariya ita kaɗai, ta ce a ranta ɗan hoto ne, ya yi wa tafiyarsa kwalliya. Ba ta ɗauke shi da zafi ba.

"Amma inuwarka a jikin ƙofar daidai take," ta ce. "Na duba ta ya fi sau ɗari. Na ce wannan kam ba haɗi ba ne, ya tsaya a wurin da ƙafarsa. Shekara uku ina neman ƙofar nan a littattafai."

Na ce ai na tsaya a wurin da ƙafata.

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Wani lokacin bakina yakan rigaye ni fita. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni tsohuwa mai furanni fa. Na ce babu ita. Ƙararrawar la'asar fa? Na ce ta mai sayar da ƙanƙara ce da ke wucewa a keke. Ɗan kasuwar da na riƙe wa jaka? Na ce iyakarmu tashar mota.

Na shiga ba ta haƙuri, ina cewa kunya ce ta sa, ita mai ilimi ni kuwa aji biyu, na ji tsoron ta raina ni. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce ta san aji biyun tun kafin ta amsa min sallama ta biyu, kuma bai hana ta komai ba. Abin da ke damunta shi ne ɗalibanta. Ta ba su labarin ƙofar, ta yi musu alkawarin in ta dawo za ta faɗa musu sunan garin su nemo shi a taswira. Yara arba'in da biyu suna jira.

Ta wanke takalminta a famfo. Ta koma ciki ta zauna gaban farin labule. Na ta da janareta, hayaƙinsa ya turnuƙe garin masoya, na koma na ɗauke ta hoto. Ban taɓa ɗaukar fuskar da ba ta buƙatar gyara ba kamar wannan, kuma ban taɓa jin tsoron fuska kamarta ba. Maigida ya miƙa mata hotunan a ambulan ba tare da ya dube ni ba. Ya ce mata in tana son ƙofar ya ba ta kyauta, dama tana ci masa fenti.

Ƙarfe goma sha biyu saura ta ciro wayarta, ta yi rubutu, ta tura. Na tambaye ta a hankali wane gari ta zaɓa, na gada ne ko na hasumiya. Ta ce ba ko ɗaya daga cikin nawa. Akwai garin da take son gani tun tana ɗaliba, ta ajiye shi gefe saboda ƙofata. Na ce mene ne sunansa. Ta gyara mayafinta, ta rataya jaka.

"Sirri ne," ta ce. "Sai ranar."

Da na koma gida da yamma, hoton ba ya sama da talabijin. Sai ƙusa, da wani murabba'i mai haske a bango inda fenti bai koɗe ba. Firam ɗin yana jingine a bayan kujera, babu komai a ciki. Shuɗiyar rigar tana ninke a ƙasan akwati, ruwan tokar a sama. Abincina yana rufe a kan tebur yadda aka saba, har da cokali. Wannan cokalin ya fi zagi ciwo.

Ina zaune ina kallon ƙusar saƙon Mai Tikiti ya shigo.

"Na samu sunan, na fara aiki. Gari ne mai kyau. Kujera biyu ta ce. Na tambaye ta sunan wa zan sa a ta biyun, ta ce tana tunani, Umma ma ba ta taɓa shiga jirgi ba. Litinin za ta faɗa min. Kai me ka yi ne?"

Na ɗauko littafin tarihinta na aji uku daga kan kabad, na buɗe shafin farko. Tana wucewa ta gan ni, sai da ta kai ƙofar kicin ta ce, ba tare da ta juyo ba, in fara daga babi na shida. Ban sani ba ko garin ne a can, ko kuwa babin maƙaryatan tarihi ne. Shafi talatin da ɗaya ne, kuma ni tun da nake ban taɓa karanta shafi biyar a zama ɗaya ba.

Daga Talata zuwa Juma'a, ga abin da na rasa: gari ɗaya, gada ɗaya, hasumiya ɗaya. Tsohuwa mai furanni, wadda Umma ke jiran a gaishe ta. Rabin gwangwanin fenti. Ango ɗaya da ya gaji da jira ya kai goshinsa wani shago. Hoto mafi kyau da na taɓa yi. Hirar shekara uku. Da kujera ɗaya a jirgi, wadda har yanzu babu sunan kowa a kanta.